Shekarar da Na Faɗaɗa wa Malam Ilu Fom

'Ya'yana, akwai wata magana da na daɗe ina jin tana yawo a tsakaninku, kuma na san a bakin dangi kuka tsince ta: wai an taɓa ba ni shugabancin sashe tare da kwas a Kaduna, babanku ya hana ni tafiya. Ɗaya daga cikinku, Habiba, ta taɓa faɗa mini ita ido da ido, ranar da muke tsintar shinkafar bikin ƙanwarta, na yi shiru domin akwai mutane a wurin. Yanzu babanku ba ya duniya, ba shi da bakin kare kansa, don haka ni zan faɗa. Allah Ya ji ƙansa, bai hana ni komai ba. Ni ce na ƙi da bakina, kuma ga yadda aka yi.

A shekarun farko bayan an ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, ina aikin buga tafireta a wani ƙaramin ofishi a nan Daura, wanda yake kula da rigakafin dabbobi. Ɗaki uku ne da rumfar ajiye babura. Shugabanmu likitan dabbobi ne, kowa Dokta yake ce masa. Mai riƙe da rajista kuwa shi ne Malam Ilu, aminin mahaifina. Shi ya kai ni wurin bayan rasuwar mahaifina, shi ya tsaya mini har aka ɗauke ni, shi ya koya mini yadda ake tsara wasiƙa da yadda ake tsayawa a gaban manya. Baba nake ce masa. Ya tashi ne a wajen Mashi, kusa da rugage, yana jin Fillanci kamar a ciki aka haife shi. Abin da ya kamata ku gane shi ne, makiyayi ba ya faɗa wa ma'aikacin hukuma yawan shanunsa. Tun zamanin jangali suka koyi haka daga iyayensu. In ka tambaya, sai ya ce maka 'yan kaɗan ne, alhali garken ya cika fadama. Amma Malam Ilu suna gaya masa gaskiya, domin shekara da shekaru bai taɓa kai maganar wani inda za ta cutar da shi ba. Da abin da ya rubuta ake sanin yawan allurar da za a ɗauko. In aka ɗauko kaɗan, wasu shanun su kwana ba rigakafi, ciwon huhu ya shiga garke. In aka ɗauko da yawa, ƙanƙara ta narke a hanya, maganin ya lalace. Duk aikin ofishinmu a kan littafin dattijon nan yake tsaye.

A wannan shekarar ne wani shirin tallafi ya kawo mana kwamfuta, aka ce daga yanzu ba littafi, komai a cikinta za a shigar. Wani kamfani ne ya tsara musu abin a cikin manhajar jadawali, wadda shafinta duk layuka ne da gidaje-gidaje. In ka buɗe, sai wani fom ya fito a tsakiyar allon, da gurabe na sunan makiyayi, da rugarsa, da ardonsa, da yawan shanu da tumaki, da irin allurar da aka yi. A can ƙasa akwai maɓallin adanawa. Wanda ya tsara fom ɗin, ina jin a kan babban allo ya yi aikinsa, kuma idonsa garau yake. Mu kuwa allonmu ƙarami ne, mai ƙaton ƙeya, irin na da. Rubutun ya fito ƙanana kamar ƙwayar gero, maɓallin adanawa kuma ya faɗa ƙasan allo, rabinsa kawai ake gani. Fom ɗin ba ya jawuwa, ba ya faɗaɗuwa. Yadda aka yanka shi haka yake.

Ni ban sha wuya ba, hannuna ya saba da madannai, idona kuma na ƙuruciya ne. Malam Ilu ne abin ya kayar. Yanar ido ta fara taruwa a idonsa na dama, tabaransa kamar gindin kwalba. Sai ya kusanto har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya yi ta laluben gurbi da linzamin kwamfuta. Yakan sa yawan shanu a gurbin sunan ruga. Wata rana ya wuni yana shigar da mutanen wajen Dutsi, bai ga maɓallin adanawa ba, kowane ya gama sai ya rufe fom ɗin kawai. Da yamma muka duba, babu ko mutum ɗaya. Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Mutumin da in ya riƙe biro rubutunsa kamar an buga, ga shi yau ya zama abin tausayi a gaban masinja.

Bayan kamar wata biyu Dokta ya kira ni ofishinsa. Mutumin kirki ne, kada ku ɗauke shi azzalumi, shi ma daga sama ake matsa masa.

Ya ce, "Malama Rabi, masu shirin nan za su zo dubawa bayan damina. Sun ce mai rajista dole ya iya shigar da bayani a gabansu. Kin ga halin da Malam Ilu yake ciki. Na yi shawarar in mai da shi sito, ke ki karɓi rajista. Akwai gurbin kwas na wata uku a Kaduna, da sunanki zan cike. In kin dawo, ke ce shugabar sashe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi Baba ya sani?"

"Bai sani ba tukuna. Shekara biyu da 'yan watanni suka rage masa ya yi ritaya. A sito zai huta."

Na san abin da sito yake nufi. Ɗaki ne mai duhu a bayan ofis, inda ake tara kwalaye da tsofaffin tayoyi. Wanda aka kai can, kowa ya san an gama da shi. Na roƙi Dokta ya ba ni kwana uku.

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya so abin. Ban taɓa wuce Kano ba, kuma na san ina da kan da zai ɗauki karatun. Da na koma gida na faɗa, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, kakarku Inna tana gyaran zogale, babanku yana duba takardun ɗalibansa na Islamiyya. Inna ce ta fara magana, kuma ba abin da kuke zato ta faɗa ba.

Ta ce, "Ki karɓa mana. Ke kika sa masa ciwon ido? Yaran nan ni zan riƙe su, wata uku ba shekara ba ce."

Babanku ya ajiye jan bironsa ya ce, "In kina so ki tafi, ni zan kai ki tasha da kaina. Amma tun da kika shigo ban ga fuskar wadda aka yi wa albishir ba."

Na ce, "Malam, in na zauna a kujerar nan, da wane ido zan gaishe shi da safe? Kuma su Ardo ba za su faɗa mini gaskiya ba. Ni mace ce 'yar birni, ba na jin yarensu. Za a sami rajista mai kyau a ido, ƙarya a ciki."

Sai ya tambaye ni, "Shi wannan abin da ya gagare shi, aikin ne ko ganin?"

"Ganin ne."

"To, abin da mutum ya yanka ƙarami, wani mutum ba zai iya ƙara masa girma ba?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya ke nan, ban sani ba. Amma da wannan tambayar na kwana, da ita na tashi. Ranar da kwana ukun suka cika na shiga wurin Dokta na ce na gode, ba zan karɓa ba, amma ina roƙon ya bar Baba a kujerarsa har masu dubawa su zo, ni kuma zan gwada gyara fom ɗin. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ya ce gurbin kwas ba zai jira ni ba, na ce na sani. Ya ce kada in taɓa ainihin fayil ɗin mutane, in yi kwafi in yi wasana a kai, kuma in ranar ta zo Malam Ilu ya kasa, ba ruwansa. Kafin sati ya zagayo an ba wani ma'aikaci gurbin. Na ga takardar da idona, domin ni na buga ta.

Daga nan aiki ya fara. Na taɓa ganin wani wuri a cikin manhajar da in ka shiga, sai wani shafi ya buɗe cike da rubutun Turanci layi-layi. Da na yi ta karanta bayanan taimako da ke cikinta, na gane sunansa makro: jerin umarni ne da mutum yake rubuta wa manhaja, ya ce mata in an danna kaza, ki yi kaza. Shi kansa fom ɗin da irin wannan rubutun yake tafiya, kuma Allah Ya taimake ni masu shi ba su kulle shi ba. Turancina na sakandare ne, ina karantawa ina duba ƙamus. Babanku ya ji labarin akwai wani malamin kwaleji a Katsina da ke da littafi a kan abin. Ya shiga mota ranar Alhamis, ya nemo mutumin bai san shi ba, ya roƙe shi, ya yo mini hoton babi huɗu ya kawo a cikin leda. Har yanzu suna cikin akwatina.

Sai wata matsalar. Kwamfutar ɗaya ce, ba ta samuwa sai an tashi aiki. A lokacin kuwa idon jama'a a buɗe yake a kan irin wannan. Matar aure ta tsaya a ofis bayan kowa ya watse, magana ce da za ta iya kaiwa inda ba a so. Tun kwana na biyu wata maƙwabciya ta tambayi Inna ko lafiya nake daɗewa. Babanku bai yi mini wa'azi ba, bai kuma je ya yi wa kowa bayani ba. Ya sauya lokacin darasinsa da wani malami, kullum da an tashi sai ya zo da babur ɗinsa, ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofar ofis inda duk mai wucewa zai gan shi, ya buɗe littafinsa. In an kira la'asar ya je masallacin da ke tsallaken titi ya dawo. In an ɗauke wuta mu koma gida ba a yi komai ba. Haka muka yi damina guda. Inna da ta ce in tafi Kaduna, ita ce ta koma dafa tuwon dare ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai in na shigo ta ce, "Yau akwatin naki ya yi magana?"

Farkon abin da na gano shi ne fom yana da tsawo da faɗi, kuma lambobi ne kawai. Na rubuta umarnin a ƙara su, na danna. Fom ya buɗe ya cika allo. Na kusa yin guɗa. Sai na duba da kyau: gurabe da rubutu duk suna nan yadda suke, ƙanana, sun taru a kusurwar hagu ta sama, sauran fili fayau ba komai. Na ƙara gida ne ban ƙara kayan ciki ba. Kwana da yawa na yi kafin in fahimci kowane gurbi da kowane maɓalli yana da nasa awon: nisansa daga sama, nisansa daga hagu, tsawonsa, faɗinsa, da girman harafinsa. A nan ɗinkin da na koya wurin mahaifiyata ya yi mini rana, domin duk wadda ta taɓa fitar da rigar babba daga awon ta yaro ta san ba jiki kaɗai ake ƙarawa ba, har da wuya da hannu, kowanne daidai rabonsa. Na koyi yadda ake sa makro ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ninka awon kowanne da lamba guda. Na sa maɓalli biyu a sama, na rubuta musu Ƙara da Rage.

Ya yi aiki, amma na kwana biyu. In na danna Ƙara sau uku na danna Rage sau uku, fom ba ya komawa yadda yake. Gurabe su goce, wani ya hau kan wani, rubutu ya yanke. Na sake rubutawa ya fi sau goma. Wata rana ma na lalata kwafin gaba ɗaya, ya ƙi buɗewa, na kifa kai a kan tebur na yi kuka. Babanku ya leƙo ya ce in tashi mu tafi, gobe ma rana ce ta Allah. A kan babur, muna wucewa ta bakin kasuwa, abin ya faɗo mini. Ina yin kowane sabon awo ne a kan wanda ya gabace shi, ɗan kuskuren da ke cikin kowanne yana taruwa. Abin da ya kamata, da fom ya buɗe makro ya riƙe awon asali na kowane gurbi ya ajiye, duk lokacin da za a ƙara ko a rage, daga asalin nan za a lissafa. Na dafa kafaɗar babanku na ce ya juya. Ya ce an kusa magariba. Na haƙura, amma na rubuta a bayan takardar cefane don kada ya gudu. Washegari na gwada, na danna Ƙara da Rage har yatsana ya gaji, ko gurbi ɗaya bai goce ba.

Saura guda. In fom ya yi girman da Baba zai gani, ya fi ƙarfin allon, maɓallin adanawa ya sake ɓacewa. Sai na raba shi shafi biyu, na mutum da na dabbobinsa, na ɗauko maɓallin adanawa na kai shi sama, na yi shi kore, ƙato. Na koya wa makro ya fara auna allon da yake kai kafin ya buɗe fom, kada ya taɓa wuce bakinsa. Na sa in mutum zai rufe bai adana ba, ya tsaya ya tambaye shi. Na mai da sunayen gurabe Hausa. Sa'an nan na jera su yadda Baba yake tambayar makiyayi, domin na sha jin sa: ba ya fara da shanu, sai ya tambayi ruga, da ardo, da sunan mutum, shanu su ne ƙarshe. Gidajen da bayanin yake sauka a cikin jadawalin kuwa ban taɓa ko ɗaya ba, don kada aikin masu shirin ya rikice.

Ranar da na nuna masa, na zaci zai yi murna. Ya zauna, fom ya buɗe da haruffa manya kamar na allon makaranta. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya tura kujera baya.

Ya ce, "Rabi, wa ya ce miki na makance?"

Na ce, "Ba wanda ya ce, Baba."

"Kowa ya shigo ya ga an yi wa tsoho rubutun 'yan aji ɗaya."

A lokacin bai san maganar sito ba, ni kuma na yi alkawari a raina ba daga bakina zai ji ba. Sai na ce masa, "Baba, ga Rage nan. Ka mai da shi yadda kake so, ni ban san awon idonka ba." Na fita na bar shi. Ta taga na hango shi ya danna Rage sau biyu, ya kusanto, ya ja baya, ya danna Ƙara sau ɗaya. Ya buɗe littafinsa ya fara da yatsa biyu. Da aka kira azahar ya fito ya same ni a rumfa, ya ce, "Mutanen Dutsin nan da suka ɓace, na mai da su." Daga ranar, kullum da safe kafin jama'a su zo, sai mu yi rabin awa, ina karanto masa sunaye yana bugawa.

Masu dubawa suka zo bayan an yi girbin gero. Su uku ne, babbansu wani injiniya ne mai ƙarancin magana. Suka ce ba a ofis za a yi ba, a Mai'aduwa za a yi ranar kasuwa, a gaban makiyaya, kuma a kan tasu kwamfutar ta hannu. Ni kuwa ban taɓa gwada aikina a kan wani allo ba. Dokta ya dube ni, na dube shi. Ya ce in kwafo fayil ɗin da muke aiki da shi, wanda na gyara. Wannan kalmar tasa ban manta da ita ba, domin da ya ce a yi da na asali, ba wanda zai ga laifinsa.

Aka kafa tebur a ƙarƙashin wata rumfa kusa da kara, inda ake cinikin shanu. Ga kukan dabbobi, ga babura suna shigowa daga tsallaken iyaka, ga rana tana haska allon. Makiyaya suka taru don sun ji Malam Ilu ya zo. Na sa fayil, kwamfutar ta fito da gargaɗi cewa akwai makro a ciki, a bari ko a hana. Injiniya ya ɗaga gira, ya ce a bari. Fom ya buɗe. Allon nasu mai faɗi ne, gajere, ba irin namu ba, amma ya auna shi ya zauna daidai, ba abin da ya fita waje.

Baba ya zauna, ya gyara hula, ya danna Ƙara sau ɗaya saboda hasken rana. Na farko a layi wani dattijo ne, Ardo Buba. Suka gaisa da Fillanci, gaisuwa mai tsawo, har ɗaya daga cikin baƙin ya duba agogo. Sa'an nan Ardo ya sunkuya ya faɗi abin da zai faɗa a hankali, Baba ya buga, ya danna koren maɓalli. Na biyu ya matso. Ina tsaye a bayan rumfa tare da wata mai sayar da nono, ina ta salati a zuci. Ya yi mutum goma sha biyar bai waiwayo ya neme ni ba. Sau ɗaya ya kusa rufewa bai adana ba, fom ya tambaye shi, ya ce, "Af, na gode," kamar da mutum yake, makiyaya suka yi dariya. Baƙin suka buɗe jadawali suka bi layi-layi. Komai yana gidansa.

Injiniya ya ce, "Wannan ba fom ɗinmu ba ne. Wa ya taɓa shi?"

Dokta ya buɗe baki, amma na riga shi. Na matso na ce, "Ni ce, ranka ya daɗe. Bayananku suna nan yadda kuka tsara, fuskar kawai na gyara."

"A ina kika yi karatun?"

"A ofis, bayan an tashi."

Ya jawo kwamfutar, ya buɗe shafin makro, ya daɗe yana karantawa. Ya danna Ƙara har ƙarshe, ya danna Rage har ƙarshe, ya sake, yana neman inda zai goce. Ya nuna wani layi ya tambaye ni me ya sa na ajiye awon asali, na gaya masa yadda abin ya yi ta rikice mini. A nan ne na ga ya yi murmushi. Ya juya wurin abokansa ya ce a yawancin wuraren da suka je kukan ɗaya ne, maɓallin ya ɓace, rubutu ba ya ganuwa, kuma sun rubuta wa kamfanin ba a gyara ba. Ya tambaye ni ko zan yarda su tafi da kwafi. Na ce Dokta ne shugabana. Dokta ya ce, da murya mai ƙarfi yadda kowa zai ji, ai shi ya ba ni izini tun farko. Gaskiya ne, ya ba ni.

A mota, kan hanyar dawowa, Baba yana gaba ni ina baya. Ashe Dokta ya gaya masa komai a bakin rumfa, har maganar Kaduna. Baba bai juyo ba, ya ce, "Rabi, da mahaifinki yana nan, da ya yi miki faɗa." Sai ya ƙara da cewa, "Bayan ya gama faɗan kuma ya je ya ba duk garin labari."

Abin da na rasa, na rasa. Wanda ya je kwas ya dawo ya zama shugaban sashe, na yi shekaru a ƙarƙashinsa ina buga masa wasiƙu, kuma irin wannan gurbin bai sake zuwa ba. Akwai ranakun da abin ya ci mini rai, ba zan ce babu ba. Amma kafin shekara ta zagayo, ana aiko mota daga Mashi da Dutsi a ɗauke ni in je in daidaita musu fom, kuma duk inda na shiga sai in tarar da wani dattijo ko wata baiwar Allah da aka ɗauka ba su iya ba, alhali gani ne ba sa yi. Matan da suka fara koyon kwamfuta a unguwarmu, a ɗakin zaurenmu suka fara, iyayensu sun yarda ne saboda sun san gidan.

Baba ya cika shekarunsa na aiki a kan kujerarsa. A satinsa na ƙarshe aka turo wanda zai gaje shi, wani magidanci daga Dutsi mai takardar difloma, wanda shi ma ya tashi cikin makiyaya. Na zo wucewa da fayil a hannu na ji muryar Baba, sai na tsaya a bakin ƙofa. Ya zaunar da mutumin a gaban kwamfuta, shi yana tsaye a kansa, hannu ɗaya a baya, yana nuna allo da bakin biro.

Yana cewa, "Ba haka ba. Fara da ruga, shanu su ne ƙarshe. Kuma kada ka yi mata gardama in ta tambaye ka ko ka adana, ta fi ka tunawa. Matsa in nuna maka."